Alhaji Intanashinal da Ƙarafan da Ba Sa Yafiya

Idan ana lissafin mutanen da Daura ta yi sa'ar samu, ya kamata a fara da Alhaji Ikrima Dabo, domin ko ba a fara da shi ba, shi zai zo ya gyara lissafin. Mutum ne mai tsayi daidai gwargwado, mai tumbi fiye da gwargwado, mai tafiya kamar ƙasa ce ta roƙe shi ya taka ta. Katinsa ya ce shi ɗan kasuwar ƙasa da ƙasa ne, kuma katin bai yi ƙarya ba. Alhaji ya sha ƙetare iyaka a Kongolam, wata rana ma har sau biyu, da ya manta hularsa a wancan ɓangaren. Daga nan mutanen gari suka laƙaba masa Intanashinal. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai taɓa tambayar abin da ke sa masu kiransa murmushi ba.

Agogo biyu yake ɗaurawa. Na hannun dama yana nuna lokacin Najeriya, na hagu yana nuna lokacin Nijar. Masu bin diddigi sun lura cewa lokacin ɗaya ne, ko daƙiƙa babu a tsakani. Alhaji ya san da haka. Ya ce ɗan kasuwa na gaske ba ya dogara da majiya ɗaya.

Akwai tsofaffi a kasuwar dabbobi ta Mai'adua da ke rantsuwa cewa shekara ashirin ya yi yana dillancin shanu a can, yana buɗe bakin bijimi ya ƙirga haƙora, ya zagaya ya ɗaga wutsiya. Alhaji bai musanta ba. Ya ce a wancan zamanin nazarin kasuwa yake yi.

Mutum irin wannan, sai a ɗauka ba abin da ya rage masa a duniya. Akwai. Kujera ce guda ɗaya.

Kullum bayan La'asar ana zama a ƙofar gidan Darakta Mansur, wanda ya yi shekara talatin da biyar a wata ma'aikatar tarayya kafin ya dawo gida ya huta. Zaman yana da tsari, ko da yake ba wanda ya rubuta shi. Darakta yana kan kujerarsa a gindin darbejiya. A damansa akwai wata kujera mai katifa da wurin ɗora hannu. Sai kujerun roba biyu na baƙi, sai benci, sai tabarma. Kujerar dama ta tsohon alƙali Mahdi ce, kuma tun da ya koma Kaduna wurin 'ya'yansa ba wanda ya zauna a kanta. Duk wanda ke kanta, shi Darakta ke fara juyawa ya nemi ra'ayinsa, shi ake fara miƙa wa shayi, shi baƙo ke gaisarwa na biyu. Alhaji Ikrima ya shekara biyu yana zuwa ba fashi. Ya taso daga tabarma ya kai mutum na uku a benci. Yana da ra'ayi a kan komai, daga farashin taki zuwa yaƙin ƙasashen da bai san inda suke ba, amma ba a taɓa neman ra'ayin ba. Shi ke bayarwa da kansa, kyauta.

Wata Laraba, ƙarshen damina, Darakta ya yi ƙorafi. Ya ce abin da ya fi kewa tun da ya bar aiki shi ne ƙwallon lambu, wasan nan da manya ke bin ƙaramar farar ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe har su jefa ta a rami. Ya ce ya sa an ware masa wani fili a gonarsa ta hanyar Dutsi, an haƙa ramuka uku, tumaki sun aske ciyawar daidai yadda ake so, amma duk faɗin Daura ya rasa abokin bugu.

Benci ya dubi tabarma. Tabarma ta dubi benci. Alhaji ya duba agogon dama, ya duba na hagu, ya ga lokaci ya yi a ƙasashen biyu.

"Ranka ya daɗe, ai da ka yi magana tuntuni," in ji shi. "Golof? Mu da muka tsufa a cikinsa. Ban dai cika faɗa ba ne, kada a ce mutum yana nuna kansa."

Abin da aka iya tabbatarwa shi ne, Alhaji ya taɓa kallon wasan na minti ashirin a talabijin ɗin wani otal a Kano, ba murya, yana jiran a kawo masa abinci. Darakta dai ya yi murna. Ya ce to, Asabar ta sama, bayan an karya kumallo. A karo na farko ya dubi mutum na uku a benci har cikin ido. Alhaji ya ce daga nan ma Darakta ya ɗan kalli kujerar dama. Wannan ɓangaren shi kaɗai ya gani.

Kwana goma ke nan a hannu. Wani da ya samu kwana goma, mai koyarwa zai nema. Alhaji mai sayarwa ya nema.

Labari ya riga ya zaga unguwa, sai dai ya ɗan canza a hanya. Washegari wani maƙwabci mai noman rani ya yi sallama da irin tumatir a leda, ya ce ya ji Alhaji zai shiga lambu, yana yi masa murna, kuma kada ya yi wasa da ban-ruwan safe. Alhaji ya yi masa bayani na minti arba'in cewa shi ba ya faɗin sunan wasan da Hausa, saboda irin wannan. Mutumin ya saurara da ladabi, ya bar irin a bakin ƙofa ko za a sake shawara.

Baba Yelwa ya iso daga Kano ranar Juma'a da hantsi. Dattijo ne siriri. Shekara talatin ya yi yana ɗaukar wa masu wasan jaka, kafin gwiwa ta ce ya isa, ya koma sayar da sandunan. Yana gane bugun mutum tun daga yadda ya riƙe kofin shayi. Ya kalli yadda Alhaji ya riƙe nasa. Ya shimfiɗa darduma a zaure, ya jera jaka uku.

Ya fara da ta farko. Ya ce ƙarafan da ke cikinta kansu faffaɗa ne, bayansu da kwarmi, an raba nauyin gefe da gefe. Ko mutum bai sami ƙwallo a tsakiya ba, za ta tashi ta nufi inda aka nufa, ko kusa da nan.

"Masu yafiya muke ce musu, Alhaji. Kana kuskure, suna yafe maka. Waɗannan jaka biyun kuwa biled ne. Ka ga kan siriri, bayan a shafe kamar ruwan wuƙa. Wurin da ya kamata ƙwallo ta sauka bai fi farcen babban yatsa ba. In ka same shi, za ka ji daɗin da ba ka taɓa ji ba. In ka kauce ko da ƙwayar gero, hannunka zai gaya maka har kafaɗa. Biled ba ya yafiya. Na gwanaye ne."

Alhaji ya ajiye kofi, ya gyara zama.

"Malam, dube ni da kyau. Shekarata hamsin da takwas, ban taɓa tsayawa gaban ɗan Adam na ce ya yafe mini ba. Sai yau ƙarfe? Laifin me na yi masa? Yafiya tsakanina da Ubangijina ce. Mayar da wannan jakar mota, kada maƙwabta su gani."

A nan ma bai yi ƙarya ba. Masu tuna tafiyarsa aikin Hajji sun tabbatar cewa lokacin da sauran maniyyata ke bin gida-gida suna roƙon a yafe musu, shi aikawa ya yi a gaya wa unguwa ya yafe wa kowa.

Baba Yelwa ya ce to. Wanda ya ɗauki jaka shekara talatin ya san ba a gardama da mutum kafin bugun farko.

Saura jaka biyu, kuma a nan aikin ya fara. Ɗaya ƙirar Japan ce, launin ƙarfen ya ɗan dusashe kamar tsohuwar azurfa. Ɗayar daga Amurka ta zo, an goge ƙarafanta suna ɗaukar ido. Kowace jaka ƙarfe takwas, an buga wa kowanne lamba a gindi, daga uku zuwa tara, sai wani gajere mai harafi. Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi, fuskarsa ta canza.

"Ina lamba ɗaya da lamba biyu? Wa ya riga ni?"

Baba Yelwa ya yi bayani a hankali cewa lambar ba ta daraja ba ce, ta nisa ce. Ƙaramar lamba ita ce doguwar sanda mai kai ƙwallo nesa, ita ce kuma mai wuyar sarrafawa. Lamba ɗaya, ko gwanaye sun daina ɗauka. Alhaji ya yi murmushin mutumin da ya taɓa sayar da bijimi mai tari. Ya san abin da mai kaya ke faɗa in na gaba ya ƙare. Amma da yake shi mai haƙuri ne, ya ce zai riƙe lamba uku kafin a samo na sama da ita.

Dattijon ya kawo shawara ta ƙarshe. Ya ce su fita bayan gari, Alhaji ya buga goma da wannan, goma da wancan, hannunsa zai zaɓar masa. Alhaji ya ce gwaji na mai shakka ne, kuma ba za a ga Intanashinal a bayan gari yana sarar ƙasa kamar mai neman gyaɗar kala ba. Sai Baba Yelwa ya bar jakunkunan biyu, ya wuce garin Babban Mutum gaida dangi, ya ce zai biyo ranar Alhamis ya ji wacce aka tsayar.

Alhaji ya kafa kwamiti.

Tun da an ce biled, wato reza a Turance, wanda ya fara gayyata shi ne Malam Sha'aban wanzami. Ya zo da zabirarsa, ya zauna, ya shafa bakin ƙarfen Japan da babban yatsa, ya shafa na Amurka. Ya gwada kowanne a gashin hannunsa. Ya girgiza kai.

"Alhaji, an cuce ka. Wannan ko kabewa ba zai yanka ba. Amma in ka bar mini su kwana biyu da dutsen washi, sai ka yi aski da kowanne."

An sallame shi da godiya.

Na biyu shi ne Harisu maƙeri. Sa'an Alhaji ne, tare suka yi kiwon awaki, kuma shi kaɗai ya rage a Daura da ke kiransa da sunansa ba kwalliya. Harisu ya rataye ƙarfe ɗaya daga kowace jaka da zare, ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kara kunne. Ya sake. Ya daɗe yana juya na Japan a hannu, kamar mai gaida wani maƙerin da bai taɓa gani ba.

"Ikrima, wannan mai duhun an dake shi da zafi, wanda ya yi shi ya san wuta. Mai ƙyallin ma ƙarfe ne na kirki, sai dai ya fi son a gan shi. Ni abin da ban gane ba, me za ka yi da fartanya takwas, kai da ko ɗaya ba ka taɓa iya riƙewa ba?"

"Matsalar ƙasar nan ke nan," in ji Alhaji, yana kallon rufin zaure. "Ka kira mutum ka ɗaga shi zuwa matakin duniya, shi kuma ya jawo ka zuwa gona. Kwamiti ya gode."

"Kwamiti ya ba ni goro," in ji Harisu. Aka ba shi.

Daga nan Alhaji ya ci gaba da aikin shi kaɗai, tare da duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta ƙofar zaure. Mai kawo madara ya ji bambancin ƙarfen Gabas da na Yamma. Mai karanta mitar wuta ya ji cewa na Japan yana da ladabi amma na Amurka ya fi kwarjini, kuma shugabanci yana buƙatar duka biyun. Wani da ya shigo tambayar hanya ya fita da sanin cewa duk wanda ka gani da ƙarfe mai kwarmi a baya, to, akwai abin da yake ɓoyewa.

Ranar Talata Hajiya Murjanatu, matarsa, ta leƙo zaure ta same shi a tsugune. Ya kama kan ƙarfe da hannu biyu yana ƙirga zanen fuskarsa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga shi ya leƙa ƙasansa. Ya daki gefensa da tafin hannu, ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya gyaɗa kai.

"Alhaji," ta ce, "in ka gama da haƙoran, ka ɗaga wutsiyar ma."

Ta saki labule. Alhaji ya ce mata ba su san harkar ƙasa da ƙasa ba, amma a hankali ya faɗa.

Alƙaluman makon ba su da wuyar haɗawa. A cikin kwana shida an shanye butar shayi goma sha ɗaya a kan maganar, an yi jawabi bakwai, an goge ƙarafan sau biyu kowace rana. Ba a bugi ƙwallo ko ɗaya ba. Kwalin ƙwallayen ma ba a ɓare shi ba.

Ranar Alhamis da safe aka yanke hukunci. Rana ta shigo ta ƙofar zaure, Alhaji ya ɗaga ƙarfen Japan ya duba bayansa, bai ga komai ba sai ƙarfe. Ya ɗaga na Amurka. A nan ya ga wata fuska mai faɗi da hula, fuskar mutumin da ya fi yarda da shawararsa a duk duniya. Ya gyaɗa kai, mutumin ma ya gyaɗa. Magana ta ƙare.

Baba Yelwa ya faɗi kuɗi. Alhaji, wanda a zamanin nazarin kasuwa ya sha sa makiyayi ya yini a rana a kan abin da bai kai kuɗin igiya ba, bai nemi ragi ba, domin babba ba ya ciniki. Dattijon ya ɗora masa safar hannu gyara. Alhaji ya juya ta, ya tambayi ina 'yar'uwarta. Aka ce ɗaya ake sawa.

"Haka kuka ce a kan lamba ɗaya," in ji Alhaji.

A bakin mota Baba Yelwa ya juyo. "Alhaji, don Allah in ka je, ka fara da tara, ko bakwai. Ka bar ukun nan ta huta."

Alhaji ya ce ya ji. Bai ga dalilin da zai sa mai lamba uku ya fita gaban jama'a da lamba tara ba.

Asabar ta zo da sanyin safiya da sama tas. Filin Darakta kore shar, tumaki a gefe, an kafa kara da jan ƙyalle a bakin kowane rami. Mutum huɗu daga majalisa sun biyo kallo. Harisu ma ya zo a kan babur, ba wanda ya gayyace shi. Darakta yana cikin riga mai gajeren hannu da wando. Alhaji ya sauko daga mota cikin babbar riga ta shadda, sabuwa, tana ƙara, da safa a hannu ɗaya da agogo a hannu biyu.

Darakta ya leƙa jakar ya ɗaga gira.

"Biled, Alhaji? Ashe da gwani nake zaune ban sani ba. Ni kam masu yafiya nake ɗauka. A shekaruna, duk inda na ji ana yafiya, can nake."

"Kowa da matakinsa, ranka ya daɗe," in ji Alhaji, cikin tausayawa.

Darakta ya fara. Ƙwallonsa ta tashi ba hayaniya, ta sauka a tsakiyar fili, ta ɗan gangara. Sai Alhaji ya zaro lamba uku. Ya naɗe hannun riga a kafaɗar dama, ya naɗe na hagu, ya buɗe ƙafa, ya ɗaga ƙarfen har ya ɗauki rana. Ya kawo sara. Iska ta yi ƙara, hannayen rigar suka zubo, ƙwallo tana inda take.

"Wannan gaisuwa ce," ya gaya wa 'yan kallo. "Ana fara gaida fili."

Fili bai amsa ba, don haka ya sake gaishe shi. A sara na uku ƙarfen ya shiga ƙasa taƙi guda kafin ƙwallo, wani ɓangaren gonar Darakta ya tashi ya yi tafiyar taku goma. Na huɗu ya haƙa kusa da na uku. Na biyar ya haƙa a gabansu, a layi.

"Ikrima," in ji Harisu daga kan babur, "in shuka za a yi, a aika a kawo iri."

Mutanen majalisa suka dubi tumaki. Tari ya kama ɗaya daga cikinsu.

An ƙirga sara tara. Huɗu sun sami iska, huɗu sun sami ƙasa. Na tara ya sami ƙwallo, amma da wuyan ƙarfen. Ƙwallon ta fita ta dama kamar an kore ta, ta daki tayar motar Darakta, ta dawo ta kwanta taku biyu a bayan inda ta fara. Abin da Baba Yelwa ya ce hannu zai faɗa, hannun ya faɗa, har kafaɗa, har haƙori. Alhaji ya soke hannuwan a hammata ya ɗan zagaya, kamar mai duba iyakar gona.

"Ranka ya daɗe, dole a faɗi gaskiya," ya ce da ya dawo. "An ƙera ƙarfen nan ne don ƙasar Amurka. Ƙasar Dutsi ba ta san shi ba, shi ma bai san ta ba. Sai an ba su lokaci sun saba. Na ga irin wannan a ƙasashe da dama."

Darakta mutum ne mai kara. Bai ce komai a kan ramukan da Alhaji ya haƙa masa ba. Ya ce, "Ba ni in gani." Ya zaro lamba bakwai, ya ajiye ƙwallo, ya tsaya. Ya ja ƙarfen baya a hankali kamar ba ya so, ya sake shi. Aka ji ƙas, siririyar ƙara mai tsabta. Ƙwallon ta hau sama, ta tsaya can kamar tana shawara, ta sauko kusa da jan ƙyalle. Darakta ya daɗe a tsaye da ido a lumshe.

"Rabon da in ji wannan a hannuna tun ina ƙaramin ma'aikaci," ya ce. "Alhaji, ka iya zaɓe. Gaskiya ka iya zaɓe. Ban taɓa riƙe ƙarfe mai daɗin wannan ba."

Shekara biyu Alhaji yana jiran kalma irin wannan, ga ta ta zo a gaban shaidu biyar. Zafin hannu ya tafi. Rigar ta ƙara faɗi.

To, a Daura, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, in babba ya yaba abinka akwai amsar da ake bayarwa. Sai ka ce ai nasa ne. Shi ma yana da tasa amsar. Sai ya ce a'a, Allah ya sanya albarka, yana hannunka kamar yana hannuna. Kowa ya fita kunyar kowa, kaya ya koma gidan mai shi. An yi haka a kan riguna da motoci da raguna tun kaka da kakanni, ba a taɓa jin wanda ya yi asara ba.

"Ai naka ne, ranka ya daɗe," in ji Alhaji, da muryar da za ta kai har kan babur. "Duka takwas ɗin, da jakar. Mu irin wannan ba ya rufe mana ido."

Ya tsaya yana jiran rabi na biyu.

Sai dai Darakta ya yi shekara talatin da biyar a ma'aikata, inda aka koya masa abubuwa da yawa, ban da mayar da hannun kyauta baya.

"Madalla, Alhaji. Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri. But ɗin motata a buɗe yake."

Magana zarar bunu ce. Alhaji ya dubi shaidu, shaidu suka dube shi. Ya saɓi jakar da kansa ya kai but, ya kwantar da ita, ya rufe.

"Safar fa?" in ji Harisu. "Ko ita ma tasa ce?"

A hanyar komawa gida Alhaji ya sake lissafi, ya ga ashe riba ya ci. Duk wanda ya yi wa Darakta kyauta irin wannan a bainar jama'a, ai ba mutumin benci ba ne kuma. Ya gaya wa Hajiya cewa dama shirinsa ke nan tun farko. Hajiya ta tambaye shi ko a dafa masa ruwan zafi na kafaɗa. Ya ce a dafa.

Ranar Lahadi ya iso majalisa da wata sabuwar riga, ya zauna a bakin benci, zaman wanda ba zai daɗe ba. Jakar tana nan, an jingine ta a jikin darbejiya, ƙarafan suna walƙiya. Darakta ya ba da labarin bugunsa sau biyu, yana ƙara wa nisan taku kaɗan a kowane zagaye. Sauran abin da ya faru a filin bai taɓo shi ba. Sannan ya juyo, ya tsallake kujerun roba, ya tsallake mutum biyu, ya tsaya a kan Alhaji.

"Alhaji Ikrima, kai ne masani. Ni ba zan iya wasa da su kullum ba, sun fi ƙarfin hannuna, amma ina son in riƙa ganinsu in muna zaune. Nan jikin bishiya ya yi?"

Alhaji ya miƙe tsaye. Ra'ayin da aka nema ba a bayar da shi a zaune.

"Ranka ya daɗe, tun da ka tambaya, zan faɗa. Irin wannan ƙarfe ba a jingine shi a ƙasa. Danshi yana hawa, gara tana bi, ga akuya. A ƙasashen da muke zuwa, wuri na musamman ake ware masa. Wuri mai taushi, a inuwa, a sama da ƙasa, kuma kusa da mai shi, inda duk wanda ya shigo zai san darajarsa."

Darakta ya gyaɗa kai. Ya duba hagu, ya duba gaba. Ya duba dama.

"Gaskiyarka," ya ce. "Taimaka ka ɗora su nan."

Alhaji ya ɗora su. Jakar ta zauna daram a kan katifa, kamar don ita aka auna kujerar. Kafin ya juyo, wani da ya makara ya riga ya cike gurbin da ya bari, sai ya zauna na huɗu.

Haka zaman yake har yanzu. Kullum bayan La'asar ana fito da jakar a ɗora ta a dama, a mayar da ita ciki kafin Magariba. Baƙi sukan gaida Darakta, su yaba ƙarafan, sannan su gaida sauran jama'a a dunƙule. Wani ya taɓa tambayar Alhaji yadda yake ji. Ya ce duk wanda ya san mulki ya san babban mutum ba ya zama da kansa, wakili yake turawa.

Wakilin dai har yau bai ce uffan ba, kuma majalisa ta haɗu a kan cewa a cikin su biyun, an zaunar da wanda ya fi sanin wasan.